Tambaya da Amsa: Kayan da Kaka ta bari

Tambaya: Kakarmu ta rasu a watan jiya. Tsohuwar 'yar Zumuntar Mata ce, wato ƙungiyar matan majami'a, gwana a saƙar kwarashi da ɗinkin zanen gado. Ta bar akwatin ƙarfe cike da aikin hannunta, da tsohon Littafi Mai Tsarki na Hausa wanda bangonsa ya rabu. Wasu rigunan sanyin sun fara hujewa. Yaya za mu adana su? Daga jikarta, Wusasa.

Amsa: Ubangiji ya ta'azantar da ku, 'yar'uwa, ya ba ku haƙuri. Kada ki jira damina ta wuce, ki buɗe akwatin nan a makon nan. In rigunan na ainihin ulu ne, hujin aikin tsutsar asu ne, kuma ta fi bin inda gumi ko maiƙon abinci ya taɓa. In kuwa zaren roba ne irin wanda ya cika kasuwa yanzu, asu ba ya cinsa, sai ki nemi alamar ɓera ko kyankyaso.

Ki fito da komai ranar da babu hadari, ki kakkaɓe a inuwa, ki ware masu huji. Kafin wanki a gwada launi: ɗiga ruwa kan jan zare ko shuɗi, ki danna farin ƙyalle a kai. In ya zuba, a bar shi ba wanki. Wanda bai zuba ba a wanke da ruwan sanyi da sabulun wankan jarirai. Ban da bilic, ban da garin sabulu, ban da murɗawa. A naɗe shi cikin tawul ya tsotse ruwan, a shimfiɗa kan tabarma a inuwa. Kayan saƙa in aka rataye su a igiya, nauyin ruwa yakan ja su su yi tsawo, kuma ba sa komawa yadda suke.

Akwatin ƙarfe yana da kyau, amma yana tsatsa, tsatsa kuma tana cin zare. A shimfiɗa tsohon farin zanen auduga a ciki, a rufe kayan da wani. A ɗora akwatin kan bulo, a janye shi daga bango kamar taƙi biyu saboda gara da lema. Kada a ɗaure kaya cikin leda, domin tana riƙe danshi, kafin Agusta ta fita funfuna ta kama su. Masu sa kafur su ƙulle shi a ƙyalle kada ya taɓa kayan. Muna roƙo da babbar murya: hula ko safa ko bargon da ya kwana da kafur kada a sa wa jariri, domin yana jawo wa wasu jarirai ciwon shawara mai tsanani. A riƙa buɗe akwatin sau 2 a shekara, a Afrilu da ƙarshen Oktoba, a sha iska, a sauya ninki don kada zare ya karye a kan layi ɗaya.

Shi kuwa Littafin, duba shafin farko ki ga shekarar bugu. An fara buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aikin da Likita Walter Miller na mishan ɗin Zariya ya sa hannu sosai a ciki, sannan wata fassarar ta fito a 1979. In na Kaka na farkon ne, abu ne mai wuyar samu yanzu. Kada a liƙa masa salatif, bayan 'yan shekaru yakan bushe ya bar jan tabo a takarda. Kada a kai shafukan a manne su da roba mai zafi, ba a iya ɓare ta daga baya. A cire fil da kyauron roba da busassun ganye daga ciki, a mayar da bangon wurinsa, a ɗaure da tsagin farin ƙyalle, a ajiye shi a kwance. Kafin nan ki ɗauki hoton duk inda ta yi rubutu: sunayen 'ya'ya, ranakun haihuwa, ayoyin da ta ja wa layi.

Tambaya: Muna rubuta tarihin mahaifiyar babanmu don takardar sujadar godiya. Wasu na cewa shekarunta 105, wasu 92. Babu takardar haihuwa. Wanne za mu sa? Daga wani jika, Samaru.

Amsa: Ɗan'uwa, ka fara da majami'ar da aka yi mata baftisma, ka roƙi limamin ya duba muku rajistar baftisma da ta aure. In 'yar Wusasa ce, majami'ar St. Bartholomew tana nan tun 1929, lokacin da mishan ya tashi daga cikin birnin Zariya ya koma can gindin dutsen Kufena. Sai dai a lura, mutane da yawa na wancan zamani da girmansu aka yi musu baftisma, don haka ranar baftisma ba ita ce ranar haihuwa ba.

In rajista ba ta samu ba, a yi lissafi daga ɗanta na fari. Idan yana da 72 yanzu, kuma ta haife shi tana tsakanin 16 da 20, to tana tsakanin 88 da 92. A gwada wannan da abubuwan da kowa ya san shekararsu: zuwan Sarauniyar Ingila Kaduna a 1956, samun mulkin kai a 1960, buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, Yaƙin Basasa daga 1967 zuwa 1970, fitowar naira a 1973. A tambayi sa'o'inta: lokacin zuwan Sarauniya, budurwa ce ko tana da goyo? Abin da ya fito a rubuta shi da kalmar “kimanin”. A ganinmu, matar da ta riƙe gaskiya duk rayuwarta ba ta cancanci a ƙara mata shekaru a takardar tunawa da ita ba.

Tambaya: Mama za ta cika shekara da rasuwa. Ba na son taron ya tsaya ga anko da abinci. Ita ce ke tsara wa Zumunta waƙoƙi, amma ba ta rubuta ko ɗaya ba. Me zan yi? Daga 'yarta, Sabon Gari.

Amsa: Waƙoƙin nan suna bakin ƙawayenta, su ma kuwa sun manyanta, don haka da su za ki fara. Ki je wurin shugabar Zumunta, ki gaishe ta, ki nemi izini ta tara miki mata 3 ko 4 da suka daɗe tare da Mama. A zauna a ɗakin da babu fanka ko ƙarar janareta, a ajiye waya kan matashi kamar kamu ɗaya daga bakinsu. Zama ɗaya kada ya wuce minti 40, tsofaffi kan gaji. A farkon kowace ɗauka ki faɗi kwanan wata da sunan mai magana.

Tambayar “wace irin mace ce?” yabo kawai za ta kawo miki. Ki ce: “Baba, wace waƙa ta fara tsarawa, kuma don wane biki? Wa ya koya mata kwarashi? Wace aya take karanta wa marar lafiya?” A rera kowace waƙa sau 2, ɗaya da ganga da tulu da kacau-kacau yadda aka saba, ɗaya da murya zalla don a ji kalmomin a rubuta.

Ranar taron a shimfiɗa aikin hannunta kan tebur a inuwa, kowanne da 'yar takarda mai faɗin wanda aka yi wa da kimanin shekarar. A gayyaci maƙwabta da dangi Musulmi da ta zauna da su, sukan riƙe labaran da 'yan gida ba su sani ba. Tsofaffin hotuna a rubuta sunaye a bayansu da fensir, domin tawadar biro tana ratsa takarda. Muryoyin da hotunan kuma a kwafa su wuri 3: a wayarki, a filashi, da hannun wani ɗan'uwa da ke wani gari.