Tambaya da Amsa: Aiki Ya Yi wa Katikis Yawa

Tambaya: Malam, mu 'yan Katolika ne masu jin Hausa a Bur Sudan. Tun ɓarkewar yaƙi a Afrilun 2023 Fada (limamin cocinmu) bai cika zuwa ba, komai yana wuyan katikis, wato mai koyar da addini a coci. Yaya za mu raba aikin?

Amsa: Ku fara da kuɗi, can rigima take tashi. Mutum biyu su ƙirga baiko, na uku ya rubuta, a karanta wa jama'a duk wata. Dokar Coci ta 537 ma ta wajabta kwamitin kuɗi a kowace farish, wato ikilisiyar da ke ƙarƙashin Fada. Katikis ya riƙe koyarwa da addu'ar Lahadi, wasu su ɗauki duba marasa lafiya. Muƙami shekara 2 ya isa, kada ya zama gado. Keɓe Jibin Ubangiji da jin ikirarin zunubi kuwa na Fada ne kaɗai.