Mutum miliyan sittin a kallo ɗaya: amsa ga mai tambaya

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka tambaya ko da gaske ne an taɓa samun mutum miliyan sittin suna kallon abu kai-tsaye a intanet a lokaci guda, ko ƙarin gishiri ne. Da gaske ne. Shekara biyar ke nan ni ke riƙe wayar da ake haska tafsirin azumi na masallacin unguwarmu a Facebook, kuma tun lokacin nake bibiyar wannan lissafi.

A 2012 Felix Baumgartner ya diro daga balan-balan, daga nisan kusan kilomita 39 a sama, mutum kusan miliyan 8 na kallo a YouTube. Da kumbon Indiya, Chandrayaan-3, ya sauka a duniyar wata a Agustan 2023, miliyan 8 ɗin aka sake gani. Ka ga can lamba ba ta yi wani tsalle ba. Inda ta yi gudu shi ne wasan kurket a Indiya: miliyan 25 a manhajar kallo ta Hotstar a wasan Indiya da New Zealand na 2019, miliyan 32 a manhajar JioCinema a wasan ƙarshe na gasar kurket ta Indiya, IPL, ta 2023, sannan miliyan 59 a Nuwamban shekarar, ranar da Ostareliya ta doke Indiya ta ɗauki kofin duniya.

Ni a ganina sirrin yana cikin aljihu. Tun da kamfanin sadarwa na Jio ya shigo a 2016 data ta yi araha a Indiya, kuma wasannin 2023 ɗin nan kyauta aka sake su a waya. Talaka ya samu shiga, shi ya sa. Na san za a ce ai damben Mike Tyson da Jake Paul na Nuwamban 2024 ya kai miliyan 65 a Netflix, kuma da kuɗi. Haka ne, amma wannan duniya ce kaf ta taru, wancan kuwa kusan ƙasa ɗaya.

Sai dai ka lura, wannan lamba ta ɗan lokaci ce, ƙololuwar da aka taɓa kafin a sauko, kuma kamfanonin ne ke faɗar ta da bakinsu. Na'ura ake ƙirgawa, ba kawuna ba. A wajenmu ina tsaye bayan wayar, idona a kan ɗan hoton idon nan da ke saman allo. Alaramma na fara jan baƙi sai lamba ta hau, minti goma ta fara zubewa. Daren rufe tafsiri, lokacin addu'a, nan take kai maƙura. Wata baiwar Allah ta taɓa rubuto mana cewa su bakwai ne a tsakar gida kan waya ɗaya, don Allah mu rage nauyin hoton, datarta ta kusa ƙarewa. Abin ya tsaya min a rai. Allo ya ƙirga mutum ɗaya, alhali gida guda ne ke saurare.

Tun daga ranar muka rage ƙarfin hoton, muka matso da makirufo kusa da Malam, muna gamawa kuma mu tura muryar a WhatsApp don waɗanda datarsu ba ta kai su ƙarshe ba.