Me ake koya wa karnukan da ke jiran mai ɗauka?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni ɗaliba ce a Ingila. Kusa da inda nake akwai gidan da ake ajiye karnukan da masu su suka rabu da su, kuma suna neman masu aikin sa-kai da za su riƙa horar da su don a samu masu ɗauka. Anya horon yana da tasiri? Me ake koya musu?

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Yana da tasiri, amma ba irin horon da ake yi don burge 'yan kallo ba ne, wato kare ya miƙa ƙafa ko ya yi birgima. Natsuwa ake koya masa.

Irin waɗannan gidaje sun daɗe a ƙasar da kike. Na Battersea da ke Landan, wata mata mai suna Mary Tealby ce ta kafa shi tun 1860. Babbar matsalarsu ita ce zaman keji yana ɓata halin kare. Ga haushi dare da rana, ga baƙin fuskoki, ga ƙarancin motsa jiki. Sai ki ga karen da ya zo da hankalinsa ya koma zarya a keji, ko yana dirar wa ƙofa da haushi, ko ya shige lungu ya juya wa mutane baya. Mai neman kare kuwa ba ya daɗewa a gaban keji ɗaya. Da ya ga haka sai ya yi gaba, zaman karen ya ƙara tsawo, halinsa ya ƙara lalacewa. Wannan abu yana damuna ƙwarai, domin da yawansu ba su da wani aibu, wurin ne ya gigita su.

A 2014, Alexandra Protopopova da Clive Wynne sun fitar da sakamakon binciken da suka yi a wani gidan karnuka a jihar Florida ta Amurka. Sun lura da abin da ke faruwa idan aka fito da kare don ya gana da mai son ɗaukarsa. Karen da ya kwanta kusa da mutumin ya fi samun shiga, wanda kuma aka ja shi da wasa ya yi biris, galibi a nan ake barinsa. Kin ga ke nan abin da mutane ke nema shi ne karen da ya kula su.

Don haka za a sa ki koya masa ya zauna idan an zo bakin keji, ya daina tsalle a kan mutane, ya yi tafiya da igiya ba tare da ya ja mai riƙe da shi ba, ya ɗago ya dube ki idan kin kira sunansa. Da lada ake yi. Yana yin abin da kike so, nan take ki ba shi ɗan guntun nama, domin idan kika yi jinkiri ba zai gane dalilin kyautar ba. Idan ya yi tsalle, ki juya masa baya har ƙafafunsa huɗu su koma ƙasa. Ban da duka, ban da tsawa. Karen da tun farko a tsorace yake, duka na iya kai shi ga cizo. Minti biyar kullum ya fi awa guda a mako.

Inda aikin ya fi lalacewa shi ne a hannun masu sa-kan da kansu. Ke kin hana shi tsalle, gobe wani ya zo ya rungume shi yana cikin tsallen, an koma gidan jiya. Ki bi tsarin da ma'aikatan gidan suka shimfiɗa ko da kina ganin naki ya fi.

Karen da ya taɓa cizo kuwa, na ƙwararru ne, kada ki karɓe shi. Sannan ki sani, Ingila ta daɗe da kawar da ciwon haukan kare, amma a Najeriya da Nijar yana nan. In kin dawo gida, kada sabon da kika yi ya sa ki kai hannu ga karen da ba ki tabbatar an yi masa allurar rigakafi ba.