Ciwon ƙugu: ƙoda ce ko ba ita ba ce?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Na daɗe ina fama da ciwon ƙugu, musamman in na wuni a kan keken ɗinki. Maƙwabciyata ta ce ƙoda ce. A ina ƙoda take a jiki, kuma ta yaya zan gane ko ita ce?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah Ya ba ki lafiya. Ƙoda ta fi inda kike nunawa sama. Guda biyu ne, suna kwance can bayan hanji, dama da hagu da ƙashin baya, haƙarƙarin ƙarshe ya rufe samansu. Ta dama ta ɗan fi sauka saboda hanta na bisanta. Tsawon kowace wajen santimita 11 zuwa 12 ne, nauyinta wajen giram 150, siffarta kuwa irin ta ƙodar ragon da kike gani wurin mahauci.

A cikin kowace akwai 'yan matatai kusan miliyan ɗaya, ana ce musu nefron. A rana ƙoda biyun suna tace ruwan da ya kai lita 180 daga jini, amma su mayar da kusan duka, abin da ke fita a fitsari lita ɗaya ne zuwa biyu. Daga kowace ƙoda wani siririn bututu mai tsawon santimita 25 zuwa 30 ke gangarowa da fitsarin zuwa mafitsara, a mara. A wannan bututun tsakuwar da kan haɗu a cikin ƙoda ke maƙalewa, kuma ciwonta ba ya ɓuya: murɗa ce mai tsanani a gefe ɗaya, ta taso daga kwiɓi ta sauka mara har matsematsi, sau da yawa da amai, mutum ya rasa inda zai sa kansa.

Hanyar da ke fitar da fitsari daga mafitsara gajera ce a mace, wajen santimita 4, ta namiji kuwa ta kusa 20. Shi ya sa ƙwayar cuta ke saurin shiga mafitsarar mata. In ta haura zuwa ƙoda, za a ji zazzaɓi da rawar ɗari, da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙari ta baya.

Ciwon da ke zuwa bayan dogon zama, ya ƙaru in kin sunkuya, ya lafa in kin kwanta, ya fi kama da na tsoka ko gaɓoɓin baya. Abin da ya fi damuna ma wani ne daban: masu ciwon ƙugu kan dogara da magungunan rage ciwo irin su diclofenac ko ibuprofen kullum, har da haɗe-haɗen da ba a san abin da ke ciki ba, kuma yawan shan su na lalata ƙoda. Lalacewar da hawan jini da ciwon suga ke jawowa kuwa ba ta cika zuwa da ciwo ba. Sai an yi nisa ake ganin kumburin fuska da ƙafa, fitsari mai kumfa da kasala, wani lokaci har an kusa kai wa ga wankin ƙoda.

Ki je asibiti a auna jininki da suga, a gwada fitsari, a duba kiriyatinin a jini, wato wani datti da ƙoda ke fitarwa, wanda yawansa ke nuna yadda take aiki. In kin ga jini a fitsari, ko zazzaɓi ya haɗu da ciwon, kada ki bari ya kwana.