Kiwon axolotl a zafin Katsina

Malam, ka tambayi yadda za ka shirya wa axolotl biyu akwatin gilashi a nan Katsina. Axolotl wata 'yar dabbar ruwa ce mai kama da ƙadangare. Kafin gilashi, fara tunanin zafi. Asalin dabbar nan tafkin Xochimilco ne a Meziko, ruwan sanyi take so, digiri 16 zuwa 18. Da zafin ruwan ya haura 24 sai ta daina ci, ciwo ya biyo baya. Mu kuwa a watan Afrilu zafi kan kai 40. In ba ka da na'urar sanyaya ruwa da sola tsayayya, ka dakata tukuna, don kwalaben ƙanƙara ba sa kai ka asuba.

In ka shawo kan wannan, sauran da sauƙi. Akwati mai faɗi, kamar lita 150. Kada ka zuba tsakuwa, haɗiye ta suke yi; yashi mai laushi ya isa. Kifa musu 'yar tukunyar ƙasa mai fasasshen gefe su ɓuya, don ba su da fatar ido, haske na damunsu. Matatar ruwa ta yi aiki a hankali, ta kuma yi makonni tana gudu kafin su shigo. Ruwan famfo a cire masa kilorin. Abinci kuwa, tana, wato tsutsar ƙasa.