Tambayoyinku kan Dawa da Namunta: Dorina a Gonar Shinkafa, Giwa a Kabi, da Halin da Kuyambana Ke Ciki

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina noman shinkafa a bakin ruwa. Bana dorina ta kusa cinye mini rabin gona. Mun hura wuta, mun kaɗa gwangwani, duk a banza. Wasu sun ce a kira maharba. Ina mafita? Daga wani manomi a ƙasar Yauri.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri, Malam. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, tafkin ya malalo har Yauri, kuma duk shekara idan ruwa ya ja baya sai ya bar ƙasa mai dausayi. Wannan dausayin da manoma ke rububinsa shi ne makiyayar dorina. Tana yini a ruwa, ta fito bayan magariba, ta ci ciyawa kusan kilo 40, ta koma kafin gari ya waye. In ta tarar an nome ciyawar, shinkafa za ta ci.

Abu na farko, a nemo turbarta, domin hanya ɗaya take bi kullum. Za ka ga kwari biyu a jere da ɗan tudu a tsakani, ga kashinta warwatse a jikin ciyayi saboda da wutsiya take fesa shi. Kada a shuka komai a kan turbar, kuma a bar mata ciyawa tsakanin gaɓa da gonaki. Mun san barin ƙasa mai kyau yana da ciwo, amma ya fi asarar rabin gona.

Sai shinge. Dorina ba ta tsalle, turewa take yi, don haka ƙarfi ake nema ba tsawo ba. A kafa dirkoki masu kauri kusa da juna, a binne su sosai, a ɗaure da waya mai kauri zuwa ƙugu. Inda ƙasa ke da tauri, rami mai zurfin mita ɗaya da rabi zuwa biyu, mai miƙaƙƙen bango, yana tsayar da ita. A fadama kuwa rami ɓata ƙarfi ne: bangon zai zube, ruwa ya cika shi, ta ratsa abinta. Abin da ya fi kashe wannan aiki shi ne kowa ya kewaye tasa gonar shi kaɗai. Ta gonar maƙwabci za ta zagayo. Dole masu gonakin gaɓa ɗaya su haɗa kai, Sarkin Ruwa da mai gari su shige gaba.

Wuta da gwangwani suna aiki na ’yan kwanaki ne, daga nan ta saba. Mai gadi kuma kada ya kuskura ya shiga tsakaninta da ruwa, domin in ta firgita can za ta nufa, kuma gudunta ya kai kilomita 30 a awa. In ta wangame baki kamar mai hamma, gargaɗi ne. Masu kwalekwale su riƙa buga filafili a jikin jirgi don ta ɗago a san inda take, su kauce wa mai ɗa.

Batun maharba, ba mu goyi baya ba. Doka ta hana kashe ta ba da izinin hukuma ba, sannan fatarta ta kai kaurin santimita 5, bindigar toka rauni kawai take yi mata, kuma dorina mai rauni ita ce ke kifar da jirage. In akwai wadda ta fara afka wa mutane, a kai rahoto ga hakimi da sashen gandun daji na ma’aikatar muhalli.

Tambaya: Wai daga ina giwaye suke ɓullowa a Kabi alhali ba mu da gandunsu? Daga wani matashi a Bagudo.

Amsa: Ɗan’uwa, giwa ba ta san iyakar ƙasa ba. Yamma da ku akwai gandun W, wanda Nijar da Benin da Burkina Faso suka yi tarayya a kansa, kudu kuma ga sashen Borgu na gandun Kainji, inda dajin ya zarce har cikin Benin. Galibi ta can ake kyautata zaton suna ratsowa, kamar waɗanda suka yi zaune a Zariya Kala-Kala ta ƙaramar hukumar Koko/Besse a 2018. In sun zo, taron ’yan kallo da jifa shi ne babban haɗari. Don kare gona, a kwaɓa dakakken barkono kilo biyu da rabi cikin baƙin mai lita 10, a tsoma igiya da tsummoki, a zagaye gonar da su a kan sanduna. A sabunta duk bayan mako uku ko bayan ruwan sama, a kuma kula kada man ya tsiyaya cikin ruwa.

Tambaya: Ina koyar da kimiyya a sakandare. Kuyambana gandun ƙasa ne? Zan iya kai ɗalibai su ga namun daji? Daga wata malama a Gusau.

Amsa: Malama, Kuyambana, da ke ƙasar Ɗansadau a ƙaramar hukumar Maru, gandun jiha ne. Maƙwabcinsa Kamuku na Birnin Gwari, mai faɗin murabba’in kilomita 1,121, shi ne ya zama na ƙasa a 1999, ma’aikatan tarayya ke tsaronsa. Kogin Mariga ne ya raba su, amma a wurin dabba daji ɗaya ne: kurmin doka da maje da kaɗanya, ga manyan duwatsu sun ɗago nan da can. An san shi da giwa, gwanki, kanki, gada, mugun dawa da birai, kuma a da giwayen kan yi kai-komo tsakanin gandun biyu.

Amma kada ki kai yara can. Dajin ya zama mafakar ’yan bindiga, kuma abin takaici ne ƙwarai, domin inda mai tsaron gandu ya kasa shiga, masu sarar madobiya da masu ƙona kirya don gawayi da maharba su ke cin karensu ba babbaka. Sashen Borgu ma ya sha fama da matsalar tsaro.

Yankari ta Bauchi ta fi dacewa, bayan an bincika lafiyar hanya. Faɗinta murabba’in kilomita 2,244 ne. A je da rani, daga Disamba zuwa Afrilu, lokacin da ciyawa ta kwanta dabbobi suka taru a kogin Gaji. A aika takardar makaranta tun da wuri don kama masauki da motar zagaya, a fita da sassafe ko da la’asar sakaliya tare da ma’aikacin gandu, kada kowa ya sauka daga mota sai ya ba da izini. Ruwan Wikki, maɓuɓɓugar da ke kusa da masaukin gandun, mai ɗumi ne, yana kan digiri 31 dare da rana, amma a ware waɗanda ba su iya iyo ba su tsaya a bakin matakala. A gargaɗi ɗalibai kada su riƙe abinci a leda ko su bar ƙofar ɗaki a buɗe, saboda gwaggon biran masaukin sun ƙware wajen fizge.