Tambayoyinku: Wai Boeing 737 ɗin nan jirgi ɗaya ne ko kala-kala ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari kuma ina yawan hawa jirgi daga Kano zuwa Legas, to kusan kullum sai in ji an ce jirgin Boeing 737 ne, amma wata rana in shiga in ga guntu ne, wata rana dogo, wani ma kujerunsa da fitilunsa sababbi fil wani kuma ka ga alamar ya sha duniya. Wai duk jirgi ɗaya ne ko dai suna ne kawai ya zo ɗaya? Daga mai karatu a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ba da kasuwa. Idonka bai yaudare ka ba, sunan ne ɗaya amma jiragen kala-kala ne, kamar dai yadda za a ce maka Corolla, alhali Corolla ta 1990 da ta bana ba abin da ya haɗa su sai suna da kamfani. Shi 737 ɗin nan tun ranar 9 ga Afrilu 1967 ya fara tashi a Amurka, a 1968 kuma kamfanin Lufthansa na Jamus ya fara ɗaukar fasinja da shi, ka ga kenan ya girmi da yawa daga cikin masu tuƙa shi yau. Daga lokacin zuwa yanzu an yi masa zubi huɗu.

Zubin farko shi ne 737-100 da 737-200. Na 100 ɗin bai yi kasuwa ba sam, guda 30 kacal aka ƙera, na 200 ɗin ne ya karɓu har aka yi sama da 1,000, kuma dattawan da suka hau Nigeria Airways a da sun san shi, injinansa dogaye ne sirara maƙale a ƙarƙashin fiffike, ga ƙara kamar zai fasa kunne ga shan mai. A 1984 sai zubi na biyu ya fito, wato 737-300, sai 400 a 1988, sai 500 a 1990, kuma kar lambar ta ruɗe ka ka ɗauka na 500 ya fi na 300 girma, a'a, na 500 shi ne ƙaramin cikinsu, mita 31 ne tsawonsa, na 300 mita 33 da ɗoriya, na 400 shi ne dogon da ya haura mita 36. Waɗannan su ne ka fi cin karo da su a zirga-zirgar cikin gida, su Max Air da Azman da Air Peace da Aero duk sun yi aiki da irinsu, saboda kamfanonin Turai da Amurka sun gama yayinsu sun sake su da araha, kuma a shekarar 2000 aka daina ƙera su gaba ɗaya, to in ka shiga na 300 ko 500 ka tabbata ya haura shekara 20 a duniya ko da an yi masa sabon fenti.

Zubi na uku ya zo ƙarshen 1997, su ne 600 da 700 da 800 da 900, an sake musu fiffike ya fi faɗi da tsawo, an sa musu sabon inji da allunan kwamfuta a gaban matuƙi. A nan 737-800 shi ne sarki, kusan 5,000 aka ƙera, yana iya ɗaukar mutum 189 in an matse kujerun, kuma Arik da ya fara aiki a 2006 ya kawo sababbin 700 da 800 har mutane suka dinga santi. Na huɗu shi ne MAX da ya fara aiki a 2017.

Abin da bai canza ba tun 1967 shi ne faɗin jikin, mita 3.76, kujera uku nan uku can da hanya ɗaya a tsakiya, shi ya sa ko wanne ka shiga kafaɗarka na gogar ta maƙwabcinka. Tsawo ne kawai suke ta ja, daga ƙasa da mita 29 a na farko har zuwa kusan mita 44 a MAX 10. In kana so ka gane da kanka, leƙa ta taga tun kana ɗakin jira ka ƙirga ƙananan ƙofofin gaggawa da ke saman fiffike, in ɗaya ce a kowane ɓangare to 300 ne ko 500 ko 700, in biyu ce to 400 ne ko 800 ko wanda ya fi su. In kuma ka riga ka zauna, zaro katin nan na bayanin tsaro da ke aljihun kujerar gabanka wanda ba mai karantawa, a samansa an rubuta lambar jirgin ɓaro-ɓaro.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni fa tunda jirgin Habasha ya faɗi na ji an ce 737 MAX ne nake tsoro, kuma yarana sun ce wai jiragen Max Air ne MAX ɗin. Ina da tafiya Dubai ta Addis Ababa, don Allah a fahimtar da ni in da matsala in fasa. Daga wata Hajiya a Kaduna.

Amsa: Hajiya barka dai, a kwantar da hankali. Da farko a gaya wa yaran babu abin da ya haɗa Max Air da 737 MAX, shi Max Air kamfanin Alhaji Ɗahiru Mangal ne na Katsina kuma yana nan tun kafin Boeing ya raɗa wa jirginsa wannan suna a 2011.

Amma tsoron naki yana da tushe, don abin ya faru. Ranar 29 ga Oktoba 2018 jirgin Lion Air ya faɗa teku a Indonisiya jim kaɗan bayan ya tashi daga Jakarta, mutum 189 suka rasu, ba a yi wata biyar ba ranar 10 ga Maris 2019 na Ethiopian Airlines da ya tashi daga Addis Ababa zuwa Nairobi shi ma ya faɗi da mutum 157, har da 'yan Najeriya biyu, Farfesa Pius Adesanmi da Ambasada Abiodun Bashua. Duka biyun MAX 8 ne, kuma duka sababbi dal.

Yadda abin ya samo asali kuwa, shi 737 tun farko gajerun ƙafafu aka yi masa, yana kusa da ƙasa, don a shekarun 1960 filayen jirgi da yawa ba su da kayan aiki, ana so ma'aikaci ya iya loda kaya da hannu, fasinja kuma su hau da ɗan tsani. To sai zamani ya zo da manyan injina masu faɗin baki saboda su suka fi tsimin mai, ga shi babu wuri a ƙarƙashin fiffike. A zubi na biyu dabarar da Boeing suka yi ita ce suka daddaɓe ƙasan bakin injin ya zama ba zagayayye ba, in kin lura da kyau za ki ga kamar an danne shi. Da aka zo MAX injin ya ƙara girma, sai suka tura shi gaba suka ɗaga shi sama, wannan kuma ya sa in hancin jirgin ya ɗaga da yawa yana neman ya ƙara ɗagawa da kansa. Maimakon su ce wannan sabon hali ne a sake horar da matuƙa, sai suka sa wata manhaja mai suna MCAS da za ta dinga danna hancin ƙasa ita kaɗai, suka jingina ta da na'urar awo guda ɗaya tal mai auna yadda hancin ya ɗaga a cikin iska, kuma matuƙa da yawa ba su ma san da ita ba. A haɗurran biyu na'urar awon ce ta ba da labarin ƙarya, manhajar ta yi ta danna hanci ƙasa matuƙa suna ja sama har ƙarfinsu ya ƙare.

Me ya sa suka yi haka? Kuɗi da sauri. Airbus, kamfanin Turai da ke gasa da Boeing, ya riga ya sanar da sabon jirginsa A320neo a ƙarshen 2010, a 2011 American Airlines da ya daɗe yana sayen Boeing ya yi odar Airbus masu yawa, Boeing ya ga in ya tsaya zana sabon jirgi daga tushe kasuwa za ta wuce shi. Kuma babban abin da yake tallata 737 da shi shi ne matuƙin da ke da lasisin tsohon zai hau sabon da ɗan ƙaramin kwas, ba sai kamfani ya kashe maƙudan kuɗi ya aika shi horo ba. A ganina nan ne suka yi ganganci, kuma su ma sun amsa, don a Janairun 2021 sun yarda su biya dala biliyan 2.5 a sulhun da suka yi da ma'aikatar shari'a ta Amurka.

An dakatar da MAX a duk duniya daga Maris 2019, Amurka ba ta sake shi ba sai Nuwamba 2020, Najeriya ta ɗage nata haramcin a Fabrairun 2021, shi kuwa Ethiopian da abin ya shafa kai tsaye sai Fabrairun 2022 ya koma amfani da shi. Gyaran da aka yi, yanzu manhajar sai ta gwada na'urorin awo biyu, in suka saɓa ta janye, ba ta kuma maimaita dannawa, ba ta fin ƙarfin matuƙi, kuma dole matuƙi ya yi horo a na'urar koyon tuƙi kafin ya hau. An sake samun wani abin kunya a Janairun 2024 da wani murfin ƙofa ya ɓalle daga MAX 9 na Alaska Airlines suna sama, ba wanda ya mutu, kuma wannan sakacin masana'anta ne, ƙusoshin da ke riƙe shi ne ba a mayar ba. Ni dai da ni ne Hajiya ba zan fasa tafiya ba, jirgin yana tashi sau dubbai kullum a duniya kuma ba jirgin da aka tone cikinsa aka bincika kamarsa. In kina so ki gane shi, dubi bakin fiffiken ya rabu biyu ɗaya sama ɗaya ƙasa, amma wasu 800 ma an sa musu mai kama da haka, don haka alamar da ta fi ita ce bayan injin, za ki ga gefensa tsaga-tsaga ne. A tikiti kuma sukan rubuta 7M8, na 800 kuwa 738.

Tambaya: Malam, jirgin da marigayi Sarkin Musulmi Maccido ya rasu a ciki an ce 737 ne tsoho. Ashe kenan tsofaffin jiragen nan da ake kawo mana su ne matsalar? Daga wani ɗalibi a Sakkwato.

Amsa: Allah ya jiƙan Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido da duk waɗanda suka rasu tare da shi. Haka ne ɗan'uwa, 737-200 ne na kamfanin ADC, ranar 29 ga Oktoba 2006, ya faɗi jim kaɗan bayan tashinsa daga Abuja zai je Sakkwato, mutum 96 suka rasu, kuma shekara ɗaya kafin nan a Oktoban 2005 na Bellview da ya faɗi a jihar Ogun da mutum 117 shi ma 200 ne. Sai dai binciken na ADC abin da ya nuna shi ne sun tashi cikin mummunan yanayi, iska mai juyawa farat ɗaya ta same su, matakin da aka ɗauka a ɗakin tuƙi kuma bai fitar da su ba. Shi jirgi ba a shekara kaɗai ake auna tsufansa ba, ana ƙirga awannin da ya yi a sama da yawan tashi da saukarsa, kuma akwai lokacin da doka ta ce a kai shi a kwance shi a duba komai a canza abin da ya gaji. Inda tsohon jirgi yake cutar kamfani shi ne aljihu, ya fi shan mai, ya fi yawan zuwa gyara, kayan gyaran da dala ake saye, babban gyaran ma galibi sai an fita da shi waje, to kamfanin da jiragensa uku ko huɗu ne in ɗaya ya tafi gyara sai ka ga an yi ta ɗage tashi daga safe zuwa dare. Yawancin jinkirin da kuke zagi a filin jirgi daga nan yake.

Tambaya: Me ya sa ba a kai alhazai da 737 tunda ga su nan da yawa? Ko ba zai iya kaiwa Jidda ba ne? Daga mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Zai kai mana, Malam. Daga Kano zuwa Jidda wajen kilomita 3,400 ne, 737-800 kuwa yana cin sama da 5,000 ba tare da ya sauka shan mai ba, MAX 8 ya ma fi haka. Matsalar yawa ce, Najeriya kaɗai kujera 95,000 Saudiyya ta ware mata a 2023, kuma cikin 'yan makonni ake so a kwashe kowa, ga lokacin sauka a Jidda da Madina a ƙididdige yake, to jirgin da zai ɗauki 189 ina zai kai ka in ka gwada shi da 747 da ke kwasar sama da 500 a sahu ɗaya. Sannan ga kaya, kowa ya san jakar alhaji in zai dawo, cikin 737 ba zai ɗauke ta ba. Shi ya sa aikin hajji galibi sai manya masu hanya biyu a tsakanin kujeru irin su 747 da 777 da A330, amma 'yan umara da ke bi ta Alƙahira ko Addis Ababa sau da yawa a 737 ɗin suke yin wani ɓangare na tafiyar.